Yunwa ce ko jarumta ta kai Turawan Ingila teku?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya Asabar mun je Plymouth, garin nan na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Na tsaya gaban gunkin Francis Drake da aka kafa a kan tudu yana kallon ruwa. Daga garin ya tashi a 1577 da jirage biyar, ya zagaye duniya, ya dawo a 1580 da jirgi ɗaya tak. Tun da na koma masauki abin ke yi mini yawo a kai. Ƙasar da mutanenta a lokacin ba su cika miliyan huɗu ba, ga sanyi, ga Sifaniya da Fotugal sun riga ta nisa, amma 'ya'yanta suka shiga jirgin katako suka nufi inda ba su sani ba. Ni dai na ce zuciya ce da son sani. Ko akwai mai ja?

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Bakano ya ga gunki ya rikice. Ɗan fashi kake yi wa kirari, ɗan'uwa. A 1579 ya tare wani jirgin Sifaniya a gaɓar yammacin Kudancin Amurka, ya kwashe azurfa tan 26, ban da zinariya da duwatsu masu daraja. Da ya dawo, Sarauniya Elizabet ta karɓi kasonta, a 1581 ta je har cikin jirginsa a Deptford aka naɗa shi Sir. Ɓarawon da ya san ƙofar fada ke nan.

Ɗan Fagge: Kai dai Bazazzage ba ka rabo da hassada. Ko fashin ne ai sai mai zuciya.

Malam Na-Rimi: Salamu alaikum. Ɗana Ɗan Fagge, kafin ka tambayi abin da ya ja mutum zuwa teku, fara tambayar abin da ya bari a gida. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Ingila ta wancan zamani ƙasar manoma ce. Mutum tara cikin goma ƙauye suke. Daga wajen 1550 zuwa 1600 jama'a ta tashi daga kusan miliyan uku zuwa sama da miliyan huɗu, gona kuwa ba ta haihu ba. Hatsi ya yi ta tsada, lada bai bi shi ba. Lebura a kudancin ƙasar kwabo 8 yake samu a yini, magini ko kafinta sule guda, wato kwabo 12. Dokar 1563 ta ce daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Satumba lebura ya kama aiki ƙarfe biyar na asuba, kada ya tashi sai tsakanin bakwai da takwas na yamma.

Sai kuma maganar tumaki. Arzikin ƙasar a ulu yake, shi ake saƙawa a kai kasuwar Antwerp da ke ƙasar Belgium ta yau. Masu ƙasa suka ga kiwon tumaki ya fi karɓar galla daga talakawa riba, domin makiyayi ɗaya da karensa sun ishi filin da a da yake ciyar da gidaje da yawa. Suka shiga kewaye gonaki da makiyayar gari da shinge, inda talaka ke sakin saniyarsa ya kuma yi itace. Tun 1516 marubucinsu Thomas More ya koka cewa tumaki sun fara cinye mutane. A 1549 talakawan Norfolk suka tashi suna tuge shingaye, wani majemi mai abin hannu, Robert Kett, ya shige musu gaba bayan ya fara da rushe nasa shingen. Har birnin Norwich suka kama. Aka turo musu sojoji, aka kashe wajen 3,000, shi kuma aka rataye shi a bangon gidan sarautar garin.

Maman Ilham: Allah gafarta Malam, to wanda aka kora daga gona ina yake nufa? Babu dangi ne?

Malam Na-Rimi: 'Yata, nan ne gizo ke saƙa. Ba su da babban gida irin na gandu. Miji da mata da 'ya'ya ne, sai barori in akwai hali. Yaro ko yarinya da sun kai shekara goma sha huɗu ko sha biyar sai su tafi barantaka gidan wani, shekara-shekara ake ɗaukarsu, ko a ba da yaro koyon sana'a na shekara bakwai. Ba a aure sai an tara abin kafa gida, shi ya sa mace takan kai 25 ko 26, namiji 27 ko 28.

A da, gidajen 'yan zuhudu na coci suna raba sadaka, suna saukar da matafiyi. Sarki Henry na Takwas ya rushe su tsakanin 1536 da 1541, ya sayar da filayensu ga masu kuɗi. Wanda ya rasa gona sai ya kama hanya, yawanci Landan, wadda ta kumbura har ta kai mutum 200,000 a 1600 duk da annoba na share dubbai lokaci-lokaci. Hukuma kuwa kallon masu laifi take yi wa 'yan gararamba. Dokar 1547 ta ce ƙaƙƙarfan da aka kama kwana uku ba aiki, a ɗora masa lalas a ƙirji, a ba da shi bawa shekara biyu. Ba ta yi shekara uku ba aka soke ta don ta yi tsanani, amma ta 1572 ta ce a yi masa bulala a huda kunnensa da ƙarfe mai zafi. Satar abin da ya wuce sule ɗaya kuwa hukuncinta rataya.

Ɗan Damagaram: Subhanallahi. Bature ya bautar da Bature ɗan'uwansa a doka? Wannan ban taɓa ji ba wallahi.

Ɗan Fagge: Malam, na ji, kuma ban musa ba. Amma yunwa ai ko'ina akwai ta a lokacin. Faransa akwai, Jamus akwai. Mayunwaci ba ya ƙera jirgi. Kuma mashahuran masu tafiyar teku irin su Walter Raleigh da Humphrey Gilbert ai 'ya'yan manya ne, ba mabarata ba.

Malam Na-Rimi: Ka yi tambaya mai kyau. 'Ya'yan manya ne, amma duba ko na nawa ne a gidansu. A al'adar gadonsu ɗan fari ke ɗauke ƙasa gaba ɗaya, ƙannensa su tashi da suna da takobi da tsadar rayuwa. Raleigh auta ne a wajen ubansa, Gilbert ma ba shi ne babba ba. Irin wannan yaro ya saba da cin nama, ba zai iya noma ba, ba ya son a gan shi a shago, to sai soja, ko lauya, ko coci, ko teku. Ita ma yunwa ce, ta masu takalmi. Drake naka kuwa ɗan talaka ne, babba cikin 'ya'ya maza goma sha biyu, ya yi ƙuruciya a cikin wani tsohon jirgi da aka ajiye a kogin Medway, ubansa na yi wa ma'aikatan jirgi wa'azi. Yaron jirgi ya fara, maigidansa ya mutu ba magaji ya bar masa ƙaramin jirginsa.

Kuma su da kansu sun faɗa. A 1584 wani limamin coci, Richard Hakluyt, ya rubuta wa Sarauniya doguwar takarda yana neman a kafa matsugunai a Amurka. Cikin hujjojinsa har da cewa gidajen yari sun cika, ana rataye mutane kan ƙananan sace-sace, gara a kwashe su a kai su can su yi aiki.

Alhajin Zango: Salamu alaikum, ina biye da ku daga Kumasi. Malam ya yi bayanin wanda ya ja igiya, ni bari in yi na wanda ya sayi igiyar, don ni ɗan kasuwa ne. Wajen 1550 kasuwar tufafinsu a Antwerp ta faɗi. Kaya sun taru a hannun attajiran Landan, ba mai saye. Duk ɗan kasuwar da hanya ɗaya ta toshe masa ya san zafin wannan. A 1553 suka haɗa kuɗi suka tura jirage uku ta arewa, wai su zagaya ta saman Rasha su isa Sin, a tunaninsu mutanen ƙasar sanyi za su sayi ulu. Shugaban tafiyar, Hugh Willoughby, shi da mutanen jirage biyu suka mutu a cikin ƙanƙara, masunta suka tsinci gawarwakinsu da rani. Na ukun, Richard Chancellor, ya kai gaɓar Rasha, ya bi ta ƙasa har Mosko wajen Sarki Ivan. Daga nan aka kafa kamfanin cinikin Rasha a 1555.

Dabarar ita ce hannun jari. Ba mutum ɗaya ke ɗaukar jirgi ba, balle in ya nutse ya nutse da shi. Kowa ya sa abin da zai iya jure asararsa. Haka aka yi wa Kamfanin Gabashin Indiya da Sarauniya ta ba izini ranar 31 ga Disamba 1600: sama da mutum 200 suka tara kusan fam 70,000. Attajiri yana Landan yana jin ɗumin wuta, in jirgi ya dawo ya ci riba, in bai dawo ba ya yi asarar wani yanki na kuɗinsa. Talakan da ke cikin jirgin shi ya sa ransa gaba ɗaya.

Bazazzage: Alhaji, faɗa musu labarin duwatsun Frobisher, a ga son sanin da Bakano ke faɗa.

Alhajin Zango: Kai, wannan abin dariya abin tausayi. Martin Frobisher ya je arewacin Kanada a 1576 yana neman hanyar Sin, ya dawo da wani baƙin dutse mai ƙyalli. Aka samu masu awo suka ce akwai zinariya a ciki. Nan take aka manta da Sin. A 1577 ya lodo tan 200, a 1578 ya koma da jirage 15 ya kwaso sama da tan 1,000. Har masana'antar narka shi aka gina a Dartford. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo. Kamfanin ya karye, wanda ya tara kuɗin tafiyar ya sha zaman gidan yari saboda bashi, duwatsun kuma aka yi gini da gyaran hanya da su.

Maman Ilham: Ni abin da ke raina shi ne cikin tukunya. Me talaka ke ci a gida, me kuma ake ba shi a jirgin da har zai yarda ya shiga?

Malam Na-Rimi: A gida burodi ne baƙi na sha'ir ko hatsin da ya samu, farin na alkama na masu hali ne. Sai fate na hatsi da wake da albasa da ganye, kullum tukunyar na kan wuta. Ɗan cuku, ɗan naman alade in an dace. Abin sha kuwa giyar sha'ir ce marar ƙarfi, babba da yaro, matan gida ke dafa ta. Shekarun 1594 zuwa 1597 damina huɗu a jere ruwa ya lalata amfanin gona, a arewacin ƙasar mutane suka mutu da yunwa. Bayan wannan ne aka yi dokar 1601 da ta ɗora wa kowace unguwar coci harajin ciyar da gajiyayyunta.

A jirgin sarauta kuwa ƙa'ida ita ce kowane mutum laba ɗaya ta busasshen biskit da galan ɗaya na giya a yini, da nama mai gishiri wasu ranaku, kifi wasu ranaku. A takarda ya fi abincin gida. A teku, bayan wata biyu biskit ya yi tsutsa, giya ta yi tsami, sai ciwon nan ya shigo da ke kumbura dasashi, haƙora su zube, tsohon rauni ya buɗe. A tafiyar farko ta Kamfanin Indiya, 1601, James Lancaster ya riƙa ba mutanen jirginsa cokali uku na ruwan lemon tsami kowace safiya. Da suka isa kudancin Afirka, mutanensa ne suka je suka taya sauran jirage uku sauke kwale-kwale, don nasu sun kwanta. Duk da haka sai da aka yi kusan shekara 200 kafin rundunar ruwansu ta mai da lemon tsami doka.

Wani abin da zai ba ki dariya: a 1563 majalisa ta ƙara Laraba a kan Juma'a da Asabar cikin ranakun da aka hana cin nama. Ba don ibada ba, don a sayi kifi, masunta su yawaita, in yaƙi ya zo a samu matuƙa.

Ɗan Yerwa: Ina ta jira a zo inda abin ya taɓo mu. A 1553, shekarar da su Willoughby suka yi arewa, Thomas Wyndham ya yi kudu har kogin Bini. Oban Bini ya yi magana da su da harshen Fotugal, ya tara musu masoro, har ya ce in kuɗinsu bai kai ba su ɗauka bashi su biya in sun dawo. Ku lura da wanda ke ba wani bashi. Zazzaɓi ya kama su, Wyndham ya mutu, cikin mutum 140 da ƙyar 40 suka ga Plymouth.

Alhajin Zango: Shekara ta gaba John Lok ya zo gaɓarmu ta nan, ya koma da zinariya laba 400 da hauren giwa 250, da mutum biyar daga garin Shama na gaɓar Ghana ta yau. An koya musu Turanci a Ingila, wasunsu sun dawo gida suna tafinta.

Bazazzage: Kada a tsallake John Hawkins, ɗan'uwan Drake, shi ma ɗan Plymouth. A 1562 ya kwashi mutum wajen 300 a gaɓar Saliyo ya sayar wa Sifaniyawa a tsibirin Hispaniola. A tafiya ta biyu Sarauniya ta ba shi aron jirginta. Tambarin gidansa hoton baƙin mutum ne ɗaure da igiya. Drake yana cikin tafiya ta uku, wadda Sifaniyawa suka ragargaza a gaɓar Meziko a 1568. Ɗan Fagge, mai yi muku jagora ya faɗi wannan?

Ɗan Fagge: Ya taɓa shi sama-sama, gaskiya.

Ɗan Damagaram: Ni tambayata ga Malam: na ji an ce da hannun Ingila a faɗuwar Songhai. Gaskiya ne ko zancen shayi?

Malam Na-Rimi: A yi hattara da shi. Abin da ya tabbata: a 1570 Fafaroma ya fitar da Elizabet daga cocin Katolika, ta zama saniyar ware a Turai, sai ta nemi abokai cikin Musulmi maƙiyan Sifaniya. Ta yi wasiƙu da Sarkin Santambul Murad na Uku, a 1580 'yan kasuwarta suka samu izinin ciniki a daularsa, suna kai kuza da dalma, har da ƙarfen ƙararrawar cocin da aka rushe, ana zuba igwa da shi. Da Maroko kuma an kafa kamfani a 1585: a kai tufafi da katako da kayan yaƙi, a karɓo sukari da gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Wani matafiyi Bajamushe da ya ga Sarauniya a 1598 ya rubuta cewa haƙoranta baƙaƙe ne, ya ɗora laifin a kan yawan shan sukari da Turawan Ingila ke yi.

Shi Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur shi ya turo Judar Pasha da 'yan bindiga suka ƙetare Sahara, suka karya rundunar Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi a 1591. Songhai suka koro garken shanu a kansu, ƙarar bindiga ta juyo da shanun. Yaƙin na al-Mansur ne, don zinariya da gishirin Taghaza. Ingila abokiyar cinikinsa ce, kuma 'yan kasuwarta na zaune a Marrakesh suna ƙirga abin da ke shigowa. Ɗayansu ya rubuta gida a 1594 cewa ya ga alfadarai 30 ɗauke da zinariya. A shekarar ne kuma aka iso da Shehu Ahmad Baba na Tambutu garin a ɗaure. A 1600 jakadan al-Mansur, Abdulwahid bin Mas'ud, ya yi wata shida a Landan ana maganar haɗa kai a kan Sifaniya. Hoton da aka zana masa da rawani da takobi yana nan har yau. Elizabet da al-Mansur duk suka mutu a 1603, zancen ya bi ruwa.

Ɗan Yerwa: Kuma shi Murad na Ukun da ke amsa wasiƙar Elizabet, ya amsa ta Mai Idris Alauma na Barno a 1577. Fada ɗaya, masu neman alfarma biyu. Ina so a rubuta wannan a ajiye saboda Fulanin zauren nan.

Maman Ilham: Yau ma ba za ka bar su su huta ba. Malam, matan fa? Duk maza nake ji.

Malam Na-Rimi: Matar aure a dokarsu ba ta da dukiyar kanta, abin da ta shigo da shi na miji ne. Gwauruwar da mijinta ya mutu ita ke da ɗan 'yanci, takan ci gaba da riƙe shagonsa. Matar matuƙi kuwa tana tsakiya, shekara uku ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba.

Amma ga wanda zai fi ba ki haushi. Jamestown, matsugunin Turawan Ingila a Virginia ta Amurka, an kafa ta a 1607 da maza 104. Kafin Janairun 1608 saura 38. Aka ƙaro wasu mutanen, amma a hunturun 1609 zuwa 1610 suka ci dawakai da karnuka da ɓeraye, mutum 60 suka rage a sansanin. Taba ce ta cece su, bayan John Rolfe ya fara nomanta a 1612. Taba na son hannu, sai aka shiga kawo bayin wa'adi: talaka ya sa hannu zai yi aiki shekara huɗu zuwa bakwai a bakin kuɗin jirginsa. A 1619 hukumar Landan ta tattara yara 100 daga titi ta tura. A shekarar ne kuma wani jirgin fashi ya sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai da aka kamo daga Angola. Sai kamfanin da ya kafa matsugunin ya ga maza ba za su zauna ba mata, a 1620 ya aika da 'yan mata 90. Duk mai so ya biya laba 120 ta ganyen taba. Zuwa na biyu farashi ya hau 150.

Maman Ilham: Inna lillahi. Sadakin taba! Kuma a aljihun kamfani, ba a hannun yarinyar ba?

Malam Na-Rimi: Kamfani, a matsayin kuɗin jirginta. An dai ce ba a tilasta mata wanda za ta aura.

Ɗan Fagge: To na sauko rabi. Na yarda na cikin jirgi yunwa ta koro shi, na bakin gaɓa riba yake nema. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mutumin da ya ratsa mashigin Magellan na ƙarshen Kudancin Amurka cikin kwana 16 da jirgin da tsawonsa bai fi na tirela biyu ba, ba a raina masa. Kuma ba ku ba ni amsar abin da ya sa wasu suka koma teku sau uku sau huɗu bayan sun yi kuɗi ba. Drake ya sayi katafaren gida, ya yi magajin garin Plymouth, me ya mai da shi har atini ya kashe shi a gaɓar Panama a 1596?

Bazazzage: Wanda ya saba da kwasar ganima ai ba ya iya zaman shago. Hawkins ma a wannan tafiyar ya mutu.

Alhajin Zango: Ɗan Fagge, in ka koma garin ka tambayi mai jagorar ina aka binne matuƙan da suka kori jiragen Sifaniya a 1588. Bayan nasarar an bar su cikin jirage ba albashi, cuta na cin su, suna mutuwa a titunan Margate, har sai da kwamandansu Lord Howard ya buɗe aljihunsa ya saya musu abinci. Ina son in ji ko su ma an yi musu gunki.

Ɗan Fagge: Sai wata mai zuwa zan koma, Alhaji, in Allah ya kai mu. Zan tambaya.

Malam Na-Rimi: An kira magariba a nan. Ɗan Damagaram, in na dawo ka tuna mini maganar Taghaza, akwai abin da ban ƙarasa ba.